Kujerar da Yaya Sabitu Ya Zaɓa Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ta ƙi nuna shi, ni Malam Lado, malamin firamare a Tamawa ta ƙasar Kurfi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kujerar babur ɗina, wadda samari ke kira sit. Ta cika ranar Talata da hantsi a rumfar Mas'ud mai ɗinkin kujeru a Dutsin-Ma, bayan shekara biyar tana hidima.

Marigayiya ba ita ce ta zo da babur ɗin ba. Wadda kamfani ya ɗora siririya ce, ga tauri, ga gangara gaba, na kuma yi shekaru ina haƙuri da ita tun da ni kaɗai take gana wa azaba. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami yayana Sabitu, manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya kuma koya mini tuƙi. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin maganarsa, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti a Dutsin-Ma, Litinin da Alhamis. A tafiyar farko, duk birkin da na taka sai ya zamo ya danne ni, ni kuma in danne tanki. Muka dawo gida yana cije leɓe. Matarsa Rekiya ta duba jikinsa, ta ce mini, "Lado, in haka za a riƙa yi, hanya za ta riga ciwon kashe shi."

Ranar Alhamis, da muka fito daga asibiti, na biya da shi shagon Dickson mai kayan babur, wanda ya daɗe a Dutsin-Ma har ya fi ni karin magana. Ya fito mana da kujeru uku, muka ɗaura kowace bi da bi, muna ɗora Yaya muna saukewa. Ta farko doguwa ce, ƙafata ba ta taka ƙasa sosai, mai ɗauke da marar lafiya kuwa ba ya tsayawa a kan yatsu. Ta biyu laushi gare ta kamar burodin safe, ita raina ya so.

Dickson ya ce, "Malam, laushin nan na minti goma ne. Daga nan soso ya lotsa, ƙashi ya sami ƙarfe. Doguwar hanya mai ɗan tauri take so."

Ta uku ba ta da kyan gani. Ruwan ƙasa ce, mai faɗi, da ɗan tudu tsakanin matuƙi da fasinja, da wani a can baya mai tare ƙugu. Da muka ɗora Yaya, bai zame ba. Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana haɗa baki, sannan ya ce, "Wagga." A makon nan kaf, ita ce kalmar da ta fito masa sarai.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ta gyara mini zama: bayana ya miƙe, kafaɗuna suka sauka, ciwon ƙugun da na ɗauka na tsufa ne ya tafi ba sallama. Shekara huɗu ta ɗauki Yaya, rani da damina, ba ta taɓa sakin shi ba. Ba ta da yawan magana. In ya zauna sai ta ce fuu, kamar mai sauke numfashi. In mun faɗa rami ta ce ƙii, sau ɗaya, ta yi shiru. A kanta ya soma ɗaga yatsun hagu. A kanta ya riƙa zungurina da haɓa in na yi gudu. Wata Litinin ya sa na ratse da shi Zobe, ya zauna a kanta yana kallon wasu na shayar da tumatir a fadamar da ya bari, har azahar ta yi.

Bara da damina ciwon ya sake bugun Yaya, kwana biyu Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Mutane na cewa Malam Lado akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, ban ji komai ba ne kawai. Washegarin addu'ar bakwai na koma makaranta na ci gaba da darasin da na tsaya.

Jinyar marigayiya ta soma bayan nan. Fatarta ta tsage a bakin kwarmin da zaman Yaya ya yi. Na gani, na ce gobe. Ruwan sama ya shiga soso, rana ta bi ta gasa, ban ko yafa mata buhu ba, alhali a da ba na barinta a fili. Ta daina cewa fuu. A watan jiya akuyar maƙwabta ta yage gefe guda. Da na kai ta wurin Mas'ud, ya kife ta, ya danna ƙarfen ƙasa da babban yatsa, yatsan ya wuce.

Ya ce, "Malam, ba abin da zan ɗinka wa fata. Tsatsa ta gama da ita. Sai haƙuri."

Na ce to.

Ta rasu ta bar babur ɗaya mai sauran ƙarfi, da kusoshi biyu da suka riƙe ta tun ranar farko, da Rekiya, da 'ya'yan Yaya uku waɗanda yanzu suke hannuna, sai ni.

Game da kujerar da za ta gaje ta, na koma wurin Dickson ranar nan. Bai san Yaya ya rasu ba. Ya tambaye ni jikin mai gida, na gaya masa. Ya cire hularsa, ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya fito da kujeru, yanzu har biyar. Na hau kowace. Duk ɗaya na ji su. Ya tambaya a hankali ko ta mutum ɗaya nake so ko ta biyu, don akwai gajera mai daɗi ga mai tafiya shi kaɗai. Na tsaya riƙe da kan babur har mai tura baro ya ce in ba shi hanya. A ƙarshe Dickson ya ɗaura mini wata baƙa, ya ce in gwada mako guda. Tana nan. Ban sami laifinta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a Tamawa. Ba salla, don ba a yi wa kujera salla. Na yi niyyar haƙa rami a bayan gida, sai Rekiya ta aiko cewa kada in kuskura, in kawo mata. Don haka za a kai marigayiya ɗakin Yaya, a ajiye ta a kan buhunan gero inda akuya ba ta kaiwa. Mas'ud ya yi alkawarin share ta kafin nan.

Ba za a yi zaman makoki ba. An yi shi bara, an kuma ce ina wurin. Mai son yin ta'aziyya ya wuce cikin gida wurin Rekiya, ita ta san abin da ake amsawa. Ni ina da aji ranar Litinin.

Malam Lado,
Tamawa, a madadin iyalai.