Motar Aro da Fadamar Kawu

Duk abin da tsufa zai kwashe mini, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga garinmu Kebbe cikin motar aro ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Lokacin da na samu gurbin karanta soshiyoloji a jami'a, wato ilimin zamantakewar jama'a, ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal. Kawu, ƙanin mahaifiyata da ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya ce in riƙe albashina in zauna lafiya. Ni kuwa na zaunar da shi na zuba masa lissafin dokin Rano. Na ce kuɗin mai sun cika ƙasa, albashin mai digiri ya ninka na malamin firamare, ga gida, ga rancen mota. Rancen gwamnati zai biya wani abu daga kuɗin karatun, shi kuma ya cika mini sauran.

"Shi wanga karatu, mi aka zama in an ƙare shi?" in ji Kawu.

"Babban mutum," na ce. (Wallahi a lokacin ni ma iyakar sanina ke nan.)

Bawan Allah ya jinginar da fadamarsa, inda yake noman albasa da rani, ga wani Alhaji mai cinikin hatsi. Na bugi ƙirji na ce shekara guda bayan na kama aiki fadama ta dawo.

Na gama, na yi bautar ƙasa, aka ɗauke ni a ofishin jin daɗin jama'a a Tambuwal, ina sasanta ma'aurata alhali ban taɓa aure ba. Albashin ba laifi, sai dai kafin ya iso hannuna an zare na rance. Abin da ya rage kuma tela na jira, mai rediyon kaset na jira, don mai digiri ba ya yawo haka nan. Rancen mota sai an tabbatar da ni a aiki. Kafin wata ya mutu aljihuna ya riga shi. Shekara ta wuce, ina ta aika wa Kawu gaisuwa mai yawa.

Ana nan sai abokina da ya karanta akanta ya tafi kwas, ya bar mini makullin 'yar motarsa mai ƙusumbi, ya ce in riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. Tayarwa kawai ya ce. Na tayar da ita har Kebbe.

Kai jama'a! Mata suka rangaɗa guɗa, aka yanka zakara, Liman ya zo ya dafa motar ya yi addu'a. Ni dai ban ce tawa ce ba. Duk wanda ya ce "Allah ya sanya alheri" sai in ce "amin" ina kaɗa makulli. (Ai addu'a ce, wa zai ƙi amsawa?) Kawu yana ta zagaya ta yana share ƙurarta da hannun rigarsa.

Da hantsi washegari ya ce in sa babbar riga mu je mu gaida Alhaji. Muna shiga zaure na ga an shimfiɗa tabarmi, ga faifan goro, ga Liman, ga dattawa biyu. Nan take na gane. A wajenmu jingina a gaban waɗanda suka shaida ta ake kwance ta, kuma waɗannan dattawan su ne shaidun.

Kawu ya gyara murya. "Alhaji, Allah shi saka maka da alheri. Ɗana ya yi karatu, ya yi mota, yau ga mu mun zo karɓar fadama. Har irin albasa na yi cigiya." Ya juyo gare ni fuskarsa fal murna. "Bismilla, ɗana."

Abin da ke aljihuna kuɗin man komawa ne. Na duba ƙasa ko za ta tsage, ta ƙi. Da ƙyar na ce, "Kawu, motar ta abokina ce. Kuɗin kuma ba su taru ba tukuna."

Da Alhaji ya zage ni da na fi jin daɗi, amma sai ya ce a hankali, "Ba komi, fadama ba ta gudu." Kawu ya dube ni, ya ce, "To, mota aro ta. Digirin fa, naka na, ko shi ma mai shi na nan tafe?" Liman ya ɓoye dariyarsa cikin tari.

Da muka fito na buɗe wa Kawu ƙofar mota. Ko kallonta bai yi ba. "Tafi da kayan mutane," ya ce, "ni ƙafata tawa ta."

Na sayar da rediyo, na yi sallama da tela, na koma garin kwaki da ƙuli. Sai da rani biyu suka wuce muka sake zama a zauren nan muka karɓi fadama, ranar kuwa a bayan motar hatsi na zo, na sauka fari fat da ƙura. An ce kayan aro ba ya rufe katara, ni nawa har tuɓe ni ya yi a gaban Liman. Tun daga nan in yaro ya zo yana jera mini irin albashin da zai ci bayan digiri, sai in bari ya gama tsaf, in tambaye shi gonar wa za a jinginar.