Motar Baba da Ta Koma Amalanke

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na karya motar mahaifina gida biyu a gaban 'yan kai amarya. Na gwada mantawar; mutanen garinmu Mabai ne ba su ba ni dama ba.

Tsohuwar a-kori-kura ce Baba ya bar mini. Shekara da shekaru yana jigilar masara da ita tsakanin Ƙanƙara da Faskari, tana tari tana nishi, amma tana isa. Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandare (a lura da wannan, shi ne tushen masifar), kuma tafiyar hawainiya ba ta dace da mai digiri ba. Sai na sa aka sauke ɗan injinta, aka ɗora mata katafaren injin bas mai shan gas, da giyarsa.

Da aka gama, bakaniken ya tura ni wurin Malam Idi mai walda a Faskari, wanda tun ina yaro shi ke duba ta. Tsohon ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa shasi, wato dogayen ƙarafan da duk motar ke zaune a kansu, ya fito yana kakkaɓe tsatsa daga gemunsa.

"Malam, ka sa ma tsohuwa zuciyar saurayi. Ƙashin bayanta ba shi ɗauka. Bar mani ita sati biyu in yi mata ɗauri da farantin ƙarfe."

Bikin ƙanwata Hadiza saura kwana tara, kuma na riga na cika baki cewa motar Baba ce za ta kai kayan ɗakinta Sabuwa. Maimakon in ce ina sauri, sai na tsinci kara na zana masa lissafi a ƙasa. Na yi masa darasin nauyi da ƙarfi, har da kibiyoyi. Ya saurara har na ƙare (ya fi ɗalibaina ladabi), sannan ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya."

Kwanakin nan tara fenti na yi da su. Na sa aka rubuta a ƙofar baya da manyan baƙaƙe: ILIMI GARKUWA.

Ranar kai amarya muka loda gado, da katifa, da kabad, da buhunan gara, mata masu guɗa suka ɗare kan kaya a baya, Gwaggo Asabe ta zauna kusa da ni a gaba rungume da kwandon tangaran. Abokan ango na biye a babura, rabinsu tsofaffin ɗalibaina. A kan kwalta motar ta yi ta ruri, ina wuce manyan motoci ina ɗaga musu hannu. Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, ubanka bai taɓa gudu haka ba." Na ɗauka yabo ne.

Bayan mun bar kwalta muka iske wani rafi mai yashi. Tayoyin baya suka nutse. Baba a irin wannan wuri yakan sauke mutane, a rage kaya, a tura. Ni na ce kowa ya zauna, wannan aikin inji ne. Na sa giya ta ɗaya, na take totur har ƙasa.

Injin ya yi abin da aka sa shi. Na ji motar ta murɗe kamar ana matse wanki, sai ƙara, ƙas! Tsakiyarta ta zauna a yashi. Ni da Gwaggo muka koma muna kallon sama, kabad ya zo ya jingina da ƙeyarmu. Masu guɗa suka yi tsit a tsakiyar guɗa.

Wani tsohon ɗalibina, wanda na taɓa ba sifiri, ya leƙo ta taga da fuskar tausayi. "Malam, wannan a wane babi yake? Ina jin ranar ban zo ba."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta sauka da kwandonta, ta dube ni. "Ubanka ya bar maka abu guda. Guda ɗaya tak."

A amalanken shanu kayan Hadiza suka shiga Sabuwa, ni ina biye a ƙasa da fitilar gado a hannu.

Washegari Malam Idi ya zo. Na shirya wa gori, amma bai yi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya nuna mini wasu faci-faci na ƙarfe a jikin shasin, tsofaffi, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. "Duk aikina ne. Kowace kaka, kafin a fara ɗaukar masara, Alhaji babanka shi kan kawo ta. Bai taɓa zana mani komi a ƙasa ba." Ya ce inda ta karye ba ya ɗauruwa.

Wani manomi ya karɓi rabin bayan, ya sa masa dogon itace, ya ɗaura wa shanu. Duk ranar kasuwar Ƙanƙara sai ya wuce ta ƙofar makarantarmu, a hankali, daidai saurin Baba, da ILIMI GARKUWA a bayansa. Ɗalibai sukan juya su kalla, sannan su juyo su kalle ni.

Darasin? Kafin ka ƙara wa abu ƙarfi, tambayi wanda ya san ƙashinsa. In kuma tsoho ya ce maka "Allah shi kiyaye hanya" bai yi gardama ba, to ba sallama ya yi maka ba, ta'aziyya ce ya fara.