Abin da Ya Lalace a Jif ɗin Tanimu

A Tudun Ƙirya akwai wani gida mai mutum uku da mota ɗaya. Akwai maigidan, Tanimu, wanda ya shekara ashirin da shida yana tuƙa ma'aikatan gandun daji kafin ya ajiye aiki. Akwai matarsa Hansai, 'ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Sai ƙanensa Nomau, ƙato ɗan shekara arba'in mai ƙarfin mutum uku, wanda Allah ya yi shi ba ya ƙara wa magana komai, ba ya kuma rage mata. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, har inda maganar ta tsaya, ko da a cikin rami ta tsaya. Motar kuwa tsohuwar jif ce mai ja da ƙafa huɗu, Tanimu ya saye ta a gwanjo. Da ita suke kutsawa daji shi da Nomau, can inda ya rataya amya fiye da ɗari a kan itatuwa. Su kafa tanti, su yi kwana huɗu ko biyar, su dawo da zuma. Da wannan zumar gidan yake ci.

Tanimu bai taɓa kai motar nan gareji ba. Duk dawowa daga daji, shi ke shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya gyara abin da hanya ta ɓata, ya ƙara mata wani abu don tafiya ta gaba. To, sai idonsa ya fara mutuwa. A hankali abin ya zo, daga gefe-gefe, har ya zama kamar mai leƙen duniya ta ramin ƙofa, ramin kuma kullum yana ƙara tsukewa. Likitan ido a birni ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa abin da ya tafi ya tafi, kuma ya bar tuƙi. Da ya dawo gida ya ce wa Hansai an ce gajiya ce. Ta dube shi, ta ce Allah ya sawwaƙe, ba ta ƙara ba. Tsoro ne ya cika shi, tsoron ranar da zai sauka daga kujerar direba ya zama tsohon da ake kai wa tuwo a zaure. Tun da ba ya ganin kan noti kuma, sai ya ce ya tsufa da kwanciya a ƙasa, zai koya wa Nomau gyara. Daga nan masifa ta samu ƙofa.

Wata rana suka dawo daga daji da gaban mota a lotse. Kututture Tanimu ya daka da rana tsaka, kututturen da ya kai ƙugun mutum. Ya ce ai sitiyari ne ya yi sako-sako.

"Nomau, ɗauki sifana. Duk notin da ka gani a jikin motar nan, ɗaure shi tamau."

"Duka, Yaya?"

"Duka."

Kwana uku Nomau yana ɗauri. Ya ɗaure na taya har huɗu suka tsinke a hannunsa. Ya ɗaure na daidaita birki har birki ya cije. Ya ɗaure na ƙofa, na madubi, har notin mariƙin tukunyar da suke girki a daji, tun da a cikin motar ya same ta. Da Tanimu ya tayar da inji, jif ta yi ta gurnani amma ko taku ɗaya ba ta yi ba. Maza takwas suka tura, suka haƙura. Mako guda Tanimu ya yi a ƙarƙashinta yana lalube yana sassautawa, Nomau na tsaye yana miƙo sifana, yana tambaya ko akwai wanda ya tsallake.

Wata rana kuma suka dawo wata tarakta na jan su. A kogin da ke bakin daji akwai mashigi, an kafa sanduna gefe da gefe don a san inda ruwa bai da zurfi. Tanimu bai ga sandunan ba, ya faɗa gurbi, inji ya sha ruwa ya ƙoshi. Ya ce motocin da ai haka suke, ko'ina kafa ce. Bayan sun juye baƙin mai sun busar da inji, ya ce:

"Kafin mu koma, duk inda ruwa zai iya shiga motar nan, toshe shi."

"Da me, Yaya?"

"Da duk abin da ka samu, kai ma!"

Abin da ke gidan mai zuma kuwa ai kaki ne. Nomau ya narka kakin shekara guda a babbar tukunya. Ya toshe salansa, ya toshe inda inji ke shaƙar iska, ya toshe bakin tankin mai da ramin mabuɗi, ya bi gefen ƙofofi duk ya liƙe. Ya daɗe tsaye a gaban lagireto yana tunani, don ya san ruwa ake zuba masa, amma magana magana ce, shi ma ya toshe. Aiki dai ya yi kyau, ko ni da na gani sai da na yaba. Sai rana ta take, kaki ya fara narkewa yana ɗiga, ƙamshi ya tashi. Kafin la'asar duk ƙudan zuman da ke ƙasar nan sun hallara a gidan Tanimu. Aka harbi liman a leɓe, aka harbi akuyoyin maƙwabta, kasuwar yamma ta watse. Kwana biyu ba a shiga gidan sai da hayaƙi. Tanimu na zaune a ɗaki da kumburarriyar fuska, ya ce Nomau ne ya kashe shi. A ransa kuwa ya san wanda ya jefa motar a gurbi, kuma wannan sanin ya fi harbin zafi.

Wata rana reshen wata kuka ya share musu kayan da ke saman mota, tanti da jarkokin zuma shida, duk suka tarwatse a ƙasa. Nomau ya ga reshen tun daga nesa, amma an taɓa ce masa kada ya riƙa yi wa direba surutu. Tanimu ya ce keriyar da ake ɗora kaya a saman motar ce ba ta da ƙarfi. Ya kai wa mai walda ƙarafa, aka yi sabuwa mai kauri, Nomau ya ɗora ta.

"Gwada ta," in ji Tanimu zai tafi masallaci. "Ina so in tabbata za ta ɗauki duk abin da muke da shi."

Da ya dawo ya tarar da tsakar gida fayau, har muryarsa na amsawa. Gado yana saman jif, da turmi, da buhunan dawa, da randa cike da ruwa, da kwanukan Hansai na aure, da tunkiya biyu a ɗaure suna kuka. Nomau na ƙoƙarin cire ƙyauren ɗaki. Keriya kam ta ɗauka, ba ta ko lanƙwasa ba. Rufin motar ne ya lotsa har ya taɓa sitiyari, randa ta gangaro ta bi ta gilashin gaba.

Ran nan Hansai ta yi ƙarfin hali, tana tsintar fasassun kwanukanta ta ce, "Malam, ko a nemo wanda zai riƙa tuƙa ku? Ka ga ka huta."

"Wa ya ce miki na gaji? Motar ce ke da matsala, kuma ana gyarawa."

Ta yi shiru. Duk garin ma shiru suka yi. Sun ga yadda yake wuce mutane bai yi sallama ba, sun ga yana miƙa hannu gefen da ba mai gaishe shi, amma wa zai dubi dattijo kamar Tanimu ya ce masa ya makance? Sai dai iyaye su janye 'ya'yansu daga hanya in sun ji ƙarar jif.

Wata rana ya hau kan dutse, ƙasan motar ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye. Ya ce cikinta ya yi ƙasa da yawa, dole a ɗaga ta. Nufinsa a sayo dogayen safirin, ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota a kan tayu, a sauya, amma bai faɗi haka ba. Cewa ya yi, "Nomau, so nake motar nan ta tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya." Nomau ya ɗauko jak, ya jera tubali a ƙarƙashinta kusurwa huɗu, ya auna da tafin hannunsa, taƙi ɗaya cif tsakanin taya da ƙasa. Ya je ya ce an gama. Tanimu ya lalubo ƙofa, ya ji hawan ya ƙara tsawo, ya yi murna har ya shafa kan ƙanensa. Ya tayar, ya sa giya ɗaya, ya sa ta biyu. Tayu na juyawa a iska.

"Ka ji laushi!" in ji shi. "Ko gargada babu."

Maƙwabta na leƙe ta katanga, ba wanda ya yi dariya. Har ya sa giya ta uku yana murza sitiyari, sannan ya lura da sautin dakan Hansai. Tun ɗazu yake jin sa a kunnen hagu, bai matsa ba, bai yi nisa ba. Ya kashe inji. Ya daɗe zaune riƙe da sitiyari, kunya da baƙin ciki sun hana shi sauka. Da ya sauko ya zagi Nomau zagin da bai taɓa yi masa ba tun Nomau yana yaro. Nomau ya sake aunawa, ya ce wallahi taƙi ɗaya ne.

Wata rana, ana gab da faɗuwar damina, Tanimu ya ce za su shiga ɗiban zuma na ƙarshe. In ruwa ya sauka kogi zai cika, zumar ta zama ta tsuntsaye. An sauya safirin, an buga rufi ya miƙe, an sa gilashi. Hanyar da za su bi kuwa ta gangaren dutse ce, mota ɗaya take ci, gefe guda rami ne mai zurfin rijiya uku. Da hantsi ya hau kujerarsa, ya tayar da inji, ya kira ƙanensa.

"Wannan tafiyar ba ta wasa ba ce. Bi duk abin da ke cikin motar nan ɗaya bayan ɗaya ka gwada. Wanda ka ga ba ya aiki, zai iya halaka mu a hanya, cire shi ka ajiye a gida. Kada ka ji tausayin komai."

Nomau ya bi tayu yana duka. Ya gwada fitila, ya gwada ham, ya duba ruwa da mai, ya jijjiga keriya, ya ja igiyar tanti. Sannan ya zo ya tsaya a tagar direba.

"Yaya, kai ma a cikin motar kake."

"A ciki nake mana."

"To saura kai."

Tanimu ya yi dariya, ya ce gwada. Nomau ya matsa hannunsa, ya ji da ƙarfi. Ya ce ya taka birki, ya taka. Ya tafa a bayan kunnensa, ya zabura.

"Yaya, mene ne a gaban mota?"

Tanimu ya ƙura ido. Haske kawai yake gani, fari fat.

"Ƙofar gida ce a buɗe, sai hanya. Hau mu tafi, rana na yi."

Ya taka kuloci ya sa giya. Sai wata murya ta fito daga gaban motar, ƙasa-ƙasa.

"Malam."

Hansai ce. Taku uku ne tsakaninta da motar, tana tsaye da ƙwaryar guzurinsu a ka, cikin zane ja. Tun da Nomau ya fara gwajin take wurin.

Nomau ya sunkuyo ta taga. Ya zura hannu ya kashe inji, ya buɗe ƙofa, ya sungumi yayansa cak.

"Sauke ni! Nomau, ka haukace? Ni ne fa! Sauke ni, mutane na kallo!"

"Ka ce kada in ji tausayin komai, Yaya."

Ya ratsa tsakar gida da shi, Tanimu na dukan ƙirjinsa, har dukan ya yi rauni ya daina. Ya kai shi zaure ya zaunar a kan tabarma a hankali, ya gyara masa hula. Ya koma ya zaro mabuɗi ya kawo ya sa masa a hannu.

"Sauran duk lafiya lau suke, Yaya. Motar ba abin da ya same ta."

Tanimu ya damƙe mabuɗin. Hawaye ne ke bin gemunsa, bai ko share ba. Hansai ta shigo ta tsaya daga dama, ta rufe baki da gefen mayafi. Nomau ya tsuguna a gabansa, yana jiran a gaya masa aiki na gaba.

"Yaya, wannan da na cire, ana samun sabonsa a kasuwa?"

"Ba a samu, Nomau."

"To mu gyara shi?"

"Ba ya gyaruwa."

Nomau ya zauna a gefen tabarma, don ba a ce masa ya tafi ba. Can Tanimu ya ce, "Hansai, ungo, ki adana." Ya miƙa mabuɗin ta hagu, inda babu kowa. Ta zagayo ta karɓa.