Tozon Gashi da Alwalar Magariba

Ko zan manta komai na zamana a Madina, ba zan taɓa mantawa da Magaribar wata Alhamis ba, ranar da na ƙuduri niyyar zama saurayin Amurka ina da shekara arba'in da ɗoriya, da 'ya'ya uku a Funtuwa, da sanƙon da ya riga ya cinye rabin kaina.

Gidan abinci nake aiki, a kan hanyar da ta nufi filin jirgi. Mai shi wani Balarabe ne da muke kira Abu Faisal. Ya yi karatu a Amurka, ya dawo da son rayuwar samarin ƙasar na bayan yaƙin duniya na biyu, zamanin da ko babansa bai yi wayo ba. Sai ya mayar da shagon irin gidajen cin abincin bakin hanya na wancan lokaci: jajayen kujeru masu sheƙi, daɓe baƙi da fari, gaban wata tsohuwar mota da aka yanke aka jingina da bango, da wani akwatin kiɗa mai fitilu wanda ba ya kiɗa (Madina ce fa, fitilun kawai aka bar masa). Bango kuwa duk hotunan samari ne a kan babura, sanye da baƙar jaket ta fata, kowanne ya shafe kai da mai ya tattaro gashi gaban goshi ya yi tozo. Ni aikina a kicin yake, ina juya nama a kan faffaɗan ƙarfen gashi daga Azahar har a rufe.

Sai kuma Lawwali. Ɗan Maraɗi ne, ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Bani Harisa. Ni na tsaya masa wajen kafili, Balaraben da takardun zamanmu ke hannunsa, ni na koya masa yadda ake sayen gurasa da Larabci, ni na nuna masa motar da zai hau zuwa Harami. Wanke-wanke ya fara da shi, yana kirana Yaya, komai lafiya lau. Matsalar ta fara ne ranar da ya cire hular leda ta kicin a gaban Abu Faisal. Uwar Lawwali Buzuwa ce, Allah ya ba shi suma mai santsi wadda ko iska ta taɓa sai ta kwanta. Kafin mako ya zagayo an saya masa jaket, an yi masa tozo, an tsayar da shi a bakin ƙofa yana tarbar baƙi.

Ta 'yar tagar da muke miƙa abinci nake hango shi. Samarin Larabawa su zo su rungume shi su ɗauki hoto. Alhazan Indonesiya da suka biyo hanya su tsaya su ɗauki hoto. Ni kuwa hayaƙin kitse na shiga mini ido. Idan abokan aiki suka yaba, sai in taɓe baki in ce ai wannan aikin ba na mai mutunci ba ne, mutum ya tsaya ana kallonsa kamar kayan talla. Ƙarya nake yi. Ƙyashi ne yake cina, irin wanda ko abinci ba ya bari ya yi maka daɗi.

Abin da ya ƙarasa ni saƙon murya ne daga gida. Bidiyon Lawwali ya zaga har ya kai wayar matata, sai ta ba ƙaramar 'yata Jidda ta yi mini magana. "Baba, mun ga Kawu Lawwali a wajen aikinku. Kai kana ina? Na duba ko'ina ban gan ka ba." Na saurari saƙon nan har na haddace inda take jan numfashi. Tun daga ranar na sa a raina sai yarinyar nan ta ga ubanta a bakin ƙofar shagon.

Na duƙufa bincike a waya. Duk lokacin hutu ina karanta labarin samarin nan. Ashe iyayensu ne suka dawo daga yaƙi suna son kowa ya sa kwat ya kama aikin ofis, su kuma suka ce ba su san zancen ba. Suka koma taruwa a gidajen abincin bakin hanya, da filayen silima inda ake kallo daga cikin mota ana kawo maka abinci har taga, da zaurukan da ake yawo da takalmi mai taya, da wuraren lilo na bakin teku. Su yi tseren mota, su ƙure kiɗa, iyaye da limaman coci na ta kuka an lalata yara. Na zama malami a kan wannan fanni. (Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, wai ni wa zan yi wa tawaye, alhali ko hutu zan tafi sai kafili ya sa hannu.) Wata rana a ɗaki na zauna ina yi wa Lawwali bayanin dalilin da ya sa suke ɗaga kwalar jaket. Ya saurare ni yana cin dabino, sannan ya ce shi dai an ce ya tsaya ya tsaya. Wannan amsa ta fi komai ƙona mini rai. Ni ke da ilimin, shi ke da gashin.

Ana haka sai Abu Faisal ya tara mu ya ce zai buɗe reshe kusa da otal-otal ɗin tsakiyar gari, yana neman mutum na biyu da zai tsaya a ƙofa. Ranar Alhamis bayan Magariba mai ɗaukar bidiyo zai zo a yi talla, duk wanda yake ganin zai iya ya zo cikin shiri. Wanda ya dace shi zai fito a tallar, ƙofar kuma tasa ce.

Ban gaya wa kowa ba. Na je haraj, kasuwar gwanjon garin, na samo jaket ta fata da wandon jins wanda sai na riƙe numfashi yake rufuwa, da farar riga mai gajeren hannu. Saura kai. Wani mai aski ɗan Bangaladash ya zagaya ni yana nazari, ya ce akwai dabara. Zai sa wa gashin gefe da na ƙeya rilaksa ya miƙe, ya taje shi gaba ya tara, ya daskarar da shi da mai, sanƙon kuma ya feshe shi da wani baƙin feshi na gwangwani. Amma ya ɗaga mini yatsa ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na riga na yi lissafi. Zan yi La'asar, in sabunta alwala, a yi mini gyaran, in riƙe alwalar har Isha'i. Na sha yin haka a Harami cikin azumi, ba sabon abu ba ne.

Gaskiya mutumin ya iya aikinsa. Da na kalli madubi sai da na ji tausayin shekarun da na yi ina sa hula. Na shiga shago ina tafiya a hankali don kada ginin ya rushe. Abu Faisal ya dube ni sama da ƙasa ya ce masha Allah, har ya kira mai bidiyo ya nuna masa ni. Lawwali kuwa ya buɗe baki ya kasa rufewa. Na ce a raina, yau kai ma ka ɗanɗana. Sai dai ƙishirwa ta kama ni, don haka na shiga kicin na kaɗa madara mai sanyi da ayaba na shanye babban kofi, na ƙara wani. Ni da madara ba mu taɓa shiri ba tun ina yaro, amma ranar ban tuna ba.

Aka kira Magariba, aka ja ƙofar shago, kowa ya nufi ƙaramin masallacin da ke bayan layinmu. Muna cikin tafiya cikina ya yanke hukuncinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Na tsaya cak a kan titi. Alwala dai ta tafi.

Na zame na nufi wurin alwala, na rataye jaket a ƙusa. Babu kowa, babu kuma madubi. Na yi wa kaina alkawari idan na zo shafar kai zan yi a hankali, in lallaɓa, yadda ko gashin ba zai sani ba. Sai na ji an fara tayar da iƙama. To hannun da ya saba abu ɗaya tun makarantar allo ba ya jiran shawara. Kafin in ankara na ɗebo ruwa na shafa tun daga goshi har ƙeya, na dawo da shi gaba, cikakkiyar shafa yadda malaminmu ya koya mana da bulala. Na ji wani abu ya motsa a kaina, amma gaggawa ta hana ni tunani. Na shafi kunnuwa ciki da waje, na wanke ƙafa, na miƙe na sharce ruwan fuskata da tafin hannu biyu, na gyara gemu, na ruga.

Limamin bai zo ba ranar. Idan haka ta faru ni ake turawa gaba, saboda ina da ɗan karatu. Ta ƙofar baya na shiga, mutane sun riga sun daidaita sahu suna waige-waigen wanda zai ja, wani ya hango ƙeyata ya turo ni, na ratsa kaina a sunkuye na tsaya a gaba. Ban ko juya ba na ce a daidaita sahu, na kabbara. Na ɗora hannu a ƙirji na yi karatu, har da ɗan jan murya, saboda na san Abu Faisal na bayana. A raka'a ta biyu na ji wani abu mai ɗumi na gangarowa ta gefen hancina, na ɗauka gumi ne.

Na sallame, na juyo na fuskanci jama'a kamar yadda limamai ke yi a nan.

Sahun farko ga Abu Faisal, ga mai bidiyo, ga Lawwali. Ban taɓa jin masallaci ya yi shiru irin wannan ba, ko tasbihi babu mai yi. Wani dattijo ɗan Pakistan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na duba ƙirjina, sai ga shatin hannu baƙi ƙirin a kan farar riga, yatsu biyar cif. Na duba inda na yi sujada, ga tambarin goshina a kan kafet. Abu Faisal ya zaro wayarsa a hankali, ya kunna kyamarar gaba, ya miƙo mini. Layuka baƙaƙe sun sauko daga goshi zuwa gemu, kunnuwa kamar an tsoma su a tawada, tozon ya zame ya rataya a kan kunnen hagu, sanƙon kuma ya fito fes yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila.

"Salamat, ya shaikh?" in ji shi, wato ko lafiya. Muryarsa na rawa, yana ta ƙoƙarin girmama ɗakin Allah.

Lawwali ne ya tashi ya yafa mini jaket ɗinsa a ka, ya ja hannuna muka fita ta ƙofar gefe. A kicin ya zaunar da ni a kan bokiti, ya kawo sabulun wanke-wanke da soso ya shiga dirzar kaina. Daga gaban shago ina jin ana ɗaukar talla da wani ɗan Misira mai kai abinci tebur, wanda ko jaket bai saya ba, ta Abu Faisal aka ara masa. Shi aka ba ƙofar.

Na kasa haƙuri, na ce wa Lawwali ya yi dariyarsa kawai ya huta. Bai yi ba. Ya ce, "Yaya, kai da kake da sana'a a hannu me ya kai ka? Ni fa babana bai san a ƙofa nake tsayawa ba. In ya ga askin nan sai ya ce in dawo gida. Ce masa na yi ni ke gasa nama." Ashe idan na fita salla yakan ɗaura ƙyallen gabana, ya rufe sumar da hular leda, ya tsaya gaban ƙarfen gashina ya ɗauki hoto ya aika Maraɗi. Ya ɗaga rigarsa ya nuna mini bayansa, duk ƙurajen zafi ne, saboda tsayuwa da jaket ta fata cikin zafin ranar Madina. Ni ina leƙensa ta taga ina cizon yatsa, shi yana jiran in fita ya ari wurin aikina. Kunyar da na ji a kan bokitin nan ta fi ta masallaci.

Washegari da safe na je da burushi na wanke kafet ɗin, ladan na tsaye a kaina yana ba ni shawarar in riƙa sa hula. Da yamma na kira gida ta bidiyo, na jingina wayar a kan kantar kicin, na ce wa Jidda ta kalli inda babanta yake. Na jera nama, na juya shi, har na cilla ɗaya sama na cafe. Tana kallo, ina jiran yabo. Can ta matso da fuskarta jikin wayar ta ce, "Baba, me ya sami kunnenka?"

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Na karanta komai a kan samarin nan, motocinsu da silimarsu da rigimarsu da iyayensu, amma ban lura da abu ɗaya ba: babu ko ɗayansu da yake shafar kai sau biyar a rana. Duk wanda zai yi ƙyashin gashin wani, ya fara tabbatar da cewa alwalarsa za ta kai Isha'i.