Ranar da Mai Tsiren Mansur Ya Kwantar da Tsawa

Ba zan taɓa iya mantawa da wani yammacin Asabar a Makka ba, ko da kuwa na so, domin bidiyon abin yana nan a wayoyin mutane, kuma duk shekara sai an sami wani mai neman lada ya sake turo min shi.

A lokacin ina shekarata ta ƙarshe a karatu, ɗalibi daga Kano, muna zaune mu huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Misfala. Kwaɗayi ne ya fara kai ni unguwar Mansur, wurin tsiren wani dattijo, Baba Idrisu. A Makka aka haife shi, iyayensa sun zo aikin hajji ne suka zauna. Ya haura shekara sittin da biyar, ɗan siriri, mai farin gemu, ba ya yawan magana, kuma tun yana saurayi nama yake yankawa. Daga sayen tsire muka saba da ɗansa Anas, daga abota da Anas na sami labarin ƙanwarsa Hanan, daga nan kuma karatu ya fara yi min wuyar shiga kai. Na aika da maganar aure ta hanyar da ta dace. Amsar da ta dawo daga Baba ita ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Wata biyu ina juya wannan addu'ar, ban gane ko e ce ko a'a ba, ga karatu ya kusa ƙarewa, ga komawa gida tana matsowa.

Sai rannan Anas ya ce Baba ya ce in zo istiraha ranar Asabar. Istiraha wani gidan shaƙatawa ne da danginsu suke haya a bayan gari, ɓangaren maza daban, na mata daban, katanga a tsakani. Ya ce za a ci abinci, sannan bayan La'asar a ɗan buga fikilbol.

Wannan wasa Anas ne ya taho da shi daga Amurka inda ya yi karatu, kuma a iya sanina a lokacin ba mai buga shi a garin sai su. Raga ce gajeriya a tsakiyar ɗan fili, da bat mai faɗi kamar na ƙwallon tebur amma ya fi shi girma, da ƙwallon roba mai huji-huji. Mai sabis yana bugowa daga ƙasa, wanda aka bugo wa ya bari ta faɗi sau ɗaya ya mayar, shi ma mai sabis dole ya bari ta faɗi kafin ya taɓa ta. Mai sabis kaɗai ke samun maki, kuma wanda ya fara kai sha ɗaya shi ya ci. Likita ne ya ce wa Baba ya riƙa motsa jiki, shi ya sa ya shiga cikin yaran.

Da na ji bayanin nan sai na ji kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Ni fa a unguwarmu ba wanda bai san ni a ƙwallon tebur ba. Tsawa ake ce min, saboda in na kai wa ƙwallo duka sai an je nemo ta a kwata. (Abin da ban gaya wa Anas ba shi ne teburinmu na siminti ne, bat ɗinmu katako ne tsirara, robar ta ɓare tun zamanin yayyenmu, kuma duk fasaharmu ba ta wuce duka da ƙarfi ba.) Na cika wa Anas baki son raina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ya shekh, ka yi shwayya-shwayya, ka bi a hankali. Baba yana da hannu." Na ɗauka ladabin ɗa ne ga ubansa.

Na shirya dabarata tsaf. Zan nuna bajinta don labari ya tsallaka katanga zuwa ɓangaren mata, amma zan bar wa Baba maki uku ko huɗu don girmamawa, tunda ba a kunyata suruki. Na sa sabuwar farar jallabiyata, a ƙarƙashinta kuma na ɓoye gajeren wando da tsohuwar rigar wasata, wadda aka rubuta TSAWA da manyan baƙaƙe a bayanta. Ban yi niyyar kowa ya gan ta ba, don ƙarfin gwiwa kawai na sa ta.

Da aka idar da La'asar Baba ya ɗauki bat ya dube ni, ya ce ya ji an ce ni gwani ne. Na sunkuyar da kai na ce ai ban zo da shirin wasa ba, ga shi ko kayan wasa ban sa ba. Sai da aka roƙe ni sau uku na miƙe. Anas ya ce a yi a rabin fili saboda gwiwoyin Baba, maza kusan ashirin kuma suka jawo kujeru da kofunan shayinsu.

A nan na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ga Baba ya riƙe bat a kwance, fuskarsa tana kallon sama, ɗan yatsansa a miƙe a bayansa. Ni da ya kamata ko ido kar mu haɗa da shi, sai na tsallaka raga, na kama wuyan hannunsa, na ce, "Baba, ba haka ake riƙewa ba. Kamar wuƙa ka riƙe shi." Baba ya bari na juya masa hannun yadda nake so, ya ce, "Tayyib, ya waladi, to ɗana. Na gode." Ina komawa gefena ya mayar da riƙonsa yadda yake.

Ni na fara sabis. Na ɗan sassauta, saboda tausayi. Baba bai yi gudu ba, taku ɗaya ya yi gefe, ya sauko da bat daga sama zuwa ƙasa a hankali, ya shafi ƙarƙashin ƙwallon. Ko ƙarar kirki ban ji ba. Ƙwallon ta taso tana shawagi, tana juyawa da baya, ta yi nisa har kusa da layin da nake tsaye. Na gyara tsayuwa ina jiran ta yi tsalle in kashe ta. Ba ta yi tsalle ba. Tana taɓa ƙasa ta zame, ko idon sawuna ba ta wuce ba. Na duƙa na kai mata duka, ta tafi kai tsaye cikin raga. Da na ɗago sai na ga Baba har ya tako a hankali ya iso kusa da raga yana jirana, domin shawagin ƙwallon ya ba shi lokacin tafiya ba tare da gaggawa ba.

Na ce a raina kuskuren farko ne. Baba ya yi sabis ɗinsa mai laushi, na mayar da duk haushina, ƙwallon ta haura katanga ta faɗa ɓangaren mata. Muka ji shewa daga can, aka jefo mana ita. Ɗaya da nema.

Daga nan abin ya zama karatun da aka haddace. In sabis ya dawo hannuna (shi ma sai in Baba ya ga dama ya bar wata ta wuce), na buga da ƙarfi, ya shafa ta dawo a kwance. Na buga a hankali, ya shafa. Na buga ta hagunsa, sai ma ta fi kyau, domin ta hagun bat ɗin yana zamewa a hannunsa kamar ba ya taɓa komai. In na ɗaga ta sama don kar ta shiga raga, yana nan gaba yana jira, ya ɗan tura ta gefen da ba na nan. Gaskiya ko a cikin wahalar da nake sha, abin ya burge ni. Kafaɗarsa ba ta motsi, fuskarsa ba ta sauyawa, ko hularsa ba ta karkace ba. Ni kuwa gumi ya jiƙa jallabiya, maki ukun da na yi niyyar ba shi sadaka sun koma abin da nake roƙon Allah ya ba ni ko ɗaya daga ciki.

A tara da nema na tsayar da wasa. Na ɗaga ƙwallon sama a gaban jama'a, na ce tana da matsala, ƙwallo mai lafiya ba ta zamewa haka. Anas ya buɗe jaka ya miƙo min sabuwa fil. Na yi sabis da ita, sabis mafi ƙarfi da na taɓa yi. Baba ya shafa. Ta taso, ta sauka, ta kwanta, amma wannan karon gajeriya ya yi ta, can gaba ta faɗi. Na kwasa da gudu, na taka gefen jallabiyata, na ji ƙyaaat tun daga wuya har ƙugu, na tafi a kan cikina har cikin raga. Ragar irin ta tafi-da-gidanka ce, sai ta biyo ni ta rufe ni.

Ina kwance rub da ciki a gaban takalmin Baba, bayana a buɗe, sai na ji wani dattijo daga kan kujera yana karantawa a hankali, baƙi bayan baƙi, kamar mai koyon karatu: "Tsa... wa." Wani ya ce, "Ashe wanda bai zo da shirin wasa ba ke nan." Dariyar da aka yi, har daga bayan katanga na ji amsawarta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai tsoro, domin na tabbata na zubar da maganar Hanan da hannuna. Na yi ƙarya, na yi cika baki, na gyara wa dattijo riƙo, na yi wa ƙwallo sharri, duk a yammaci ɗaya.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗage ragar ya miƙo min hannu. Tunda ba abin da ya rage min da zan kare, sai na faɗi abin da yake raina tun bugun farko. Na ce, "Baba, don Allah yaya kake yin wannan abin? Ka koya min." Ya ce in same shi a shago gobe bayan La'asar.

Na je washegari kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na tarar da shi yana yanka naman tsire. Shekara uku ina sayen tsire a wurin nan, idona a kan wuta da ƙuli, ban taɓa kallon hannunsa ba sai ranar. Wuƙar a kwance take, ɗan yatsansa a miƙe a bayanta, tana saukowa daga sama ta shige ƙarƙashi ta zame gaba, naman ya fito shara-shara har kana hango hasken fitila ta cikinsa. Riƙon da na je na gyara masa ke nan. Motsin da ya yi ta yi sau dubbai kullum tun kafin a haife ni, shi ya ɗauka ya kai fili.

Ya miƙo min wuƙar. Na danna da ƙarfi, na fitar da wani gundumemen yanki da ko a miya sai an sake raba shi. Ya ce, "Kai komai sai ka doke shi. Nama ba ya son faɗa, ƙwallo ma haka. Shiga ƙarƙashinta, ka raka ta, ka sake ta." Ya kama wuyan hannuna, daidai inda na kama nasa jiya, ya kwantar da wuƙar. A yanka na bakwai ko na takwas na fitar da wani abu da za a iya sokewa a tsinke.

Yana jera tsinkaye a kan wuta, ba tare da ya dube ni ba, ya ce in kira mahaifina a Kano ya naɗa wakili. Da ƙyar na ce, amma Baba, abin da ya faru jiya fa? Ya ce, "Jiyan ce ta sa. Mutum in yana cin nasara kowa mutumin kirki ne. Faɗuwarka nake so in gani. Ba ka zagi kowa ba, ba ka yi fushi ka tafi ba, ƙwallo kawai ka yi wa ƙazafi, ita kuma ta yafe. Kana ƙasa ka nemi a koya maka. Halas, shi ke nan."

Yanzu yaranmu biyu da Hanan. Na iya shafar ƙwallo daidai gwargwado, amma har yau ban taɓa cin Baba ba, mafi kusa da na zo shi ne sha ɗaya da shida, kuma ina zargin uku daga ciki sadaka ce. Rigar Tsawa tana nan, Hanan ta ƙi yarda a jefar da ita, da ita take goge tagogi. In na fara ɗaga murya a gida, sai ta kwantar da tafin hannunta ta zame shi a iska a hankali, ni kuma in yi shiru.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kama hannun dattijo ka ce ba haka ake riƙewa ba, ka fara tambaya me hannun nan ya shekara hamsin yana riƙewa. In kuma ka ce ba ka zo da shirin wasa ba, to ka tabbata jallabiyarka mai ƙwari ce.