Kazar Ikilima Ba Ta Jira Kwamiti Ba

Jama'a, yau tun hantsi ina zaune a kan turmi ina gadin kaza, ni da furfurata. Kazar uwargidana Ikilima ce, ita kaɗai ta rage a akurki tun da murar tsuntsaye ta shigo unguwarmu Limawa. Ƙwanta ne autarmu Umaima ke karyawa da shi tun da likita ya ce yarinyar ta rame. To, yau ita ma ta wayi gari ta saki fiffike, ido a rufe, wuya a lanƙwashe.

Ikilima ta ɗauko wuƙa, na ce ta mayar. Ai ni mai bin doka ne. Da kunnena na ji wani Ranka-ya-daɗe a rediyo yana cewa duk wanda kazarsa ta kamu, kada ya yanka, kada ya ci, ya kira kwamiti, za su zo su duba su maye masa da lafiyayya. Muryar ma kaɗai ta ƙosasshe ce, irin wadda ake yarda da ita.

Maƙwabcina Malam Nata'ala ya leƙo ta katanga yana sakace.

"Malam, yanka ta kafin ta yi mushe. Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa cin kaza irin na makon nan ba. Da ta fara gyangyaɗi, sai bismilla."

"Ba ka tsoron cutar?"

"Ina tsoro mana. Shi ya sa nake sa a dafa ta har ƙashi ya yi laushi."

Kun ji yadda annobar nan ta juya gari. A unguwar Takur masu albashi sun ƙaurace wa ƙwai, har mai shayi yana bin su da rantsuwa cewa ƙwansa lafiyayye ne. Mu kuma da sai Sallah muke ganin cinyar kaza, unguwa ta ɗauki ƙamshin farfesu, kowa na cin jarinsa yana lashe yatsa.

Na kira lambar da aka bayar a rediyo. Wani ya ce su Ranka-ya-daɗe suna otal wajen taron bita kan murar tsuntsaye, yanzu ma an tafi cin abinci. Ban tambayi me ake ci ba, kada in ɗauki alhakin bayin Allah. Na sake kira, aka ce direba yana layin mai. Ikilima ta gifta ni da tsintsiya ta ce, "Maigida, kazar nan fa ba ta san kwamiti ba."

Ba ta sani ɗin ba kuwa. Da la'asar ta yi shure-shurenta ta miƙe ƙafa. Wallahi na ji zafi har cikin raina.

Allah ya saka wa manyanmu, ba su saɓa alkawari ba. Sun zo gab da magariba cikin fararen riguna da takunkumi, mai ɗaukar hoto a gaba. Babbansu ya taɓa gawar da bakin takalmi ya ce a tsarin aiki sai sun ga kaza tana ciwo da ranta. Matacciya ba hujja ba ce, wa ya sani ko tsufa ne? Na ce ai da ranta na kira. Ya yaba da kishina, ya sa na riƙe ta aka ɗauke mu hoto. Sannan suka feshe akurkin, suka hana ni kiwo sai yadda hali ya yi.

Ba kaza, ba romo, ba ƙwai. Idan ana neman gidan da ya cika umarnin hana cin kaji, a turo mini lambar yabo.

Ikilima ba ta yi faɗa ba. Ta dire mini tuwo da miyar kuka, ta ce, "Gobe da safe idan Umaima ta tambayi ƙwanta, kai za ka yi mata bayanin tsarin aiki."