Rasuwar Adimin 'Yar Adimin, Rawutar Gidan Sanda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu bai sace daga kumburi ba, Baba Sanda Gagara-Rijiya na Surko, tsohon mahaƙin rijiya wanda ƙasa ta haɗiye ta kasa taunawa ta tofar, wanda kububuwa ta sara ita ta mutu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da maƙiya don su shiga taitayinsu, rasuwar rawutar gidansa, farar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke raba waifai, Adimin 'yar Adimin. Ta rasu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sakamakon saran gatari. Sanda ne ya yi saran, kuma bai ce a ɓoye ba.

Marigayiyar ta zo gidan ne a hannun 'yarsa Munawwara, mai aikin jinya a Dutse. Ba ta da surutu. Iyakarta ƙifta korayen idanu, sai ɗan "tsiii" idan an jona ta da sola. Ba ta san rowa ba, domin ubangidanta bai gaje ta ba: mahaƙin rijiya ba ya hana ruwa, ko ga wanda ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa Sanda ya ce a bar ta a buɗe. Daga mai shayi har ladan, duk wanda ya tsaya a inuwar darbejiyar ƙofar gida sai sunanta ya fito masa a waya, GAGARA RIJIYA, ya ɗebi rabonsa ya yi gaba.

Ran da aka kawo ta, Munawwara ta kifa ta, ta karanta rubutun da ke cikinta: suna adimin, na ƙasansa ma adimin. Ta ce na biyun nan dole a sauya shi, sai direba ya matsa mata da ham, ta fice. Sanda bai yi boko ba, bai kuma ga abin da 'yan boko suka fi shi ba, amma ya san idan aka jera suna biyu, na biyun na uba ne. Wa ya taɓa sauya wa 'ya uba? Sai ya riƙa yi mata kirari da asalinta kamar kowace 'yar halak, a majalisa, a kasuwar Sara, a gidan suna: Adimin 'yar Adimin, mai ƙaho ba kya tunkuyi, rijiyar da ba a zura wa guga! Duk mai kunne ya ji.

Ashe kowace rawuta tana da turaka a cikinta, wadda ake shiga ta waya a juya ta yadda aka ga dama, kuma sunayen nan biyu su ne makullin. Maƙeranta, Allah ya isa, makulli ɗaya suka yanka wa dubbai irinta. Wani tsinanne da bai ƙoshi da nonon uwarsa ba ya zauna a inuwar Sanda, ya sha ruwan Sanda, ya kutsa turakar, ya sauya makulli, ya raɗa mata sabon suna.

Nan ciwon ajali ya kama ta. Idanu kore shar kamar kullum, amma Sanda ya lura matasa na duban waya, su dube shi, su kau da kai. Mai shayi ya ƙware da shayinsa. Shi kuwa yana wucewa yana baza riga, ya ɗauka kwarjini ne. Sai ranar Juma'ar, surukinsa Alhaji Ikrima ya zo daga Gwaram, ya ciro waya a ƙofar gida, fuskarsa ta sauya. Sanda ya damƙi wuyan rigarsa, bai saki ba sai da ya karanta masa a gaban masallata: SANDA YA JIƘA WANDO A RIJIYA.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ruwan rijiya ne. Waɗanda suka jawo Sanda ranar da rijiya ta rufta da shi duk sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa ga shi yana cin tuwo.

Sanda ya ture surukin nasa gefe. Ya shiga ya fizgo rawutar daga bango har da ƙusa, ya jawo ta ta ƙaho, ya kwantar da ita a gindin turmi a gaban jama'a. Saran farko ya fille ƙahonin. Da ya sake ɗagawa ta ce "ƙaras", koren hanjinta ya tarwatse, wani ɓalli ya tsaga wa mai shayi goshi, jini ya wanke masa gira. Bai tsaya ba sai da ƙotar gatari ta karye, ya ƙarasa da diddige, yana niƙa ta da ƙasa har zagin ya ɓace daga wayar Alhaji Ikrima.

Washegari Munawwara ta iso tana kuka, ta tsinto wani gutsure ta nuna masa 'yar ƙofa kamar ta allura. Wai da an soka tsinken tsintsiya a nan an danna, da ta dawo hayyacinta da ranta. Sanda ya ji. Bakin da ya zagi ubangidansa a gaban suruki ba tsinke ke wanke shi ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da solar da yanzu take ci ba ta da wanda za ta ciyar, da marayun wayoyi cike da unguwa. A cikin marayun nan akwai wadda ke aljihun wanda ya yi wannan aika-aika.

Liman ya ce ba a yi wa roba salla, Sanda bai ja da malamai ba. Za a binne ta gobe bayan la'asar a bayan gida. Ramin shi ya haƙa da hannunsa, kuma masu leƙawa sun ce ya yi mata yawa ƙwarai, har ƙato zai miƙe a ciki. Za a karɓi gaisuwa a zaure, ƙofa ɗaya, shiga ɗai-ɗai. An sa wa gatari sabuwar ƙota. Kowane mai ta'aziyya zai durƙusa, ya dubi tsakiyar idon Sanda, ya yi masa gaisuwa leɓensa bai yi rawa ba.

Wanda kuma bai samu zuwa ba, kada ya damu. Sanda zai je har gida ya yi wa iyalansa tasu ta'aziyyar.